Aure a Ingila a ƙarni na 14 da na 15: kurakuran da aka fi yi wajen fahimtarsa, da gyaransu

Ɗalibin tarihi, ko mai fassara, ko marubucin labari, duk wanda ya zo kan maganar aure a Turai kafin shekarar 1500 yakan iso da ɗaya daga cikin zato biyu. Wani ya ɗauka uba ne ke kama hannun 'yarsa ya miƙa wa tsoho mai dukiya, ta so ko ta ƙi, shi ke nan an gama. Wani kuma ya leƙa dokar coci ya ga an ce yardar ma'aurata ce ke ƙulla aure, sai ya ɗauka samari da 'yan matan wancan zamani sun samu sake, kowa na auren wanda ransa ya kwanta da shi. Na sha cin karo da duka biyun a rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba, kuma abin yana damuna, domin mutanen da ake magana a kansu sun sha wuya ta gaske, wasunsu sun nuna ƙarfin hali na gaske, bai dace a binne musu wannan da zato ba. Zan tsaya a kan Ingila, inda takardun kotunan coci da wasiƙun iyali suka saura da yawa.

Neman waliyyi da liman a inda doka ba ta nema ba

Mu da muka tashi muna ganin ɗaurin aure a ƙofar gida ko a masallaci, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, an ambaci sadaki, jama'a sun shaida, an shafa fatiha, da wuya mu yarda cewa akwai inda aure ke ɗauruwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. To haka dokar Cocin Katolika take a lokacin. A tsakiyar ƙarni na 12 malaman coci sun yi saɓani: Gratian a Bolonya ya ce yarda ce ke fara aure amma saduwa ce ke cika shi, Peter Lombard a Faris ya ce furucin yarda kaɗai ya wadatar. Fafaroma Alexander na Uku, wanda ya riƙe muƙamin daga 1159 zuwa 1181, shi ya daidaita maganar, kuma hukuncinsa ne aka bi har ƙarshen zamanin da muke magana a kai. Idan namiji da mace, waɗanda babu abin da ya haramta su ga juna, suka furta wa juna cewa sun ɗauki juna miji da mata yanzu, aure ya ɗauru. Ko a ɗaki ne, ko a gona, ko a gidan giya. Ba a bukatar uba, ba a bukatar limamin coci, ba a ma bukatar shaida kafin auren ya inganta a wurin Allah bisa fahimtarsu.

Gyaran kuskuren nan shi ne mai rubutu ya raba abu biyu da coci ta raba: auren da ya inganta, da auren da aka yi bisa ƙa'ida. Babban taron coci na Lateran na huɗu, a 1215, ya hana auren ɓoye, ya ce a riƙa shelanta niyyar aure a coci domin mai ƙorafi ya fito, kuma a Ingila an saba yin shelar sau uku. Limamin da ya halarci auren ɓoye ana iya dakatar da shi shekara 3. Ma'auratan kuma a ɗora musu kaffara. Amma auren yana nan daram, laifi ne aka yi wajen ƙulla shi, bai ɓaci ba. Wanda ya rubuta cewa "an soke auren saboda ba a yi shi a coci ba" a shekarar 1400, ya ari dokar wani zamani ya kai ta inda ba ta je ba.

Wasa da sigar furuci

Nan ne masu fassara suka fi tuntuɓe, kuma nan ne Bahaushe ya kamata ya fi kowa ganewa, tunda mun san bambancin "na ba ka" da "zan ba ka" a bakin waliyyi. "Na ɗauke ki matata" aure ne nan take. "Zan ɗauke ki matata" alkawari ne, baiko ne, ana iya warware shi idan su biyun sun yarda ko an sami dalili. Sai dai akwai tarko: idan aka yi alkawarin sannan suka sadu, alkawarin ya rikiɗa ya zama cikakken aure, babu komawa. Samari da yawa sun yi wa yarinya daɗin baki da "zan", suka kwana da ita, suka wayi gari doka na kiransu mazajen aure.

Abin ya ƙara cakuɗewa saboda a Turancin lokacin kalmar da ke nufin "zan" ita ce kuma ke nufin "ina so". Alƙalan coci sun ɓata kwanaki suna tambayar shaidu: me ya faɗa daidai? Ya kama hannunta na dama? Wa ke tsaye a wurin, wane irin kaya ta sa, kafin girbi ne ko bayansa? Saboda haka idan kana fassara irin wannan shaida, kada ka gyara maganar don ta yi daɗin ji. Rayuwar mace guda na rataye a kan ɗan wannan bambanci, kuma kotun ba ta tabbatar da aure sai da shaidu biyu. Wadda aka yi wa furuci a ɓoye babu kowa, namijin ya musa, ba ta da abin kamawa. Shi ya je ya auri wata a bainar jama'a, ita ta zauna da sanin cewa a wurin Allah matar aure ce.

Akwai siga ta uku da ake mantawa da ita, ita ce mai sharaɗi: "na ɗauke ka mijina idan mahaifina ya yarda". Doka ta karɓi irin wannan, auren ya tsaya a rataye har sharaɗin ya cika. 'Yan mata da yawa sun yi amfani da ita, kuma ina ganin wannan siga ta fi kowace doka nuna yadda abin yake: coci ba ta nemi yardar uba ba, 'yar ce da bakinta ta shigo da ita.

Ɗaukar cewa tunda doka ta ba su baki, iyaye sun saki

Wannan ne kuskuren da ya fi girma, kuma labarin iyalin Paston na yankin Nofok ya isa ya warkar da shi. Masu filaye ne da ke ta fafutukar hawa sama, kuma wasiƙunsu na ƙarni na 15 sun saura har yau.

Wajen 1449 ana ƙoƙarin haɗa Elizabeth Paston, budurwa, da Stephen Scrope, mutum mai kimanin shekara 50. Wata 'yar uwarsu ta rubuta wa John, yayan Elizabeth, tana roƙonsa ya sa baki, ta ce an hana yarinyar magana da kowane namiji, kuma tun bikin Ista ana dukanta sau ɗaya ko biyu a mako, wani lokaci sau biyu a yini, har an fasa mata kai a wuri biyu ko uku. A hannun mahaifiyarta Agnes take. Auren Scrope bai yiwu ba a ƙarshe, sai bayan kusan shekara goma ta auri Robert Poynings. Duk wanda zai rubuta kalmar "yarda" a kan wannan zamani, ya fara tuna wannan kai da aka fasa.

Bayan shekara ashirin, a 1469, abin ya zo ta ɗaya gefen. Margery Paston, 'yar John ɗin nan, ta yi furucin aure a ɓoye da Richard Calle, wakilin da ke kula da filaye da kuɗin gidansu. Mutum ne mai ilimi da riƙon amana, amma yaron gida ne, danginsa 'yan kasuwa. Ɗan'uwanta ya rubuta cewa ba zai taɓa yarda a mai da ƙanwarsa mai sayar da kyandir da kayan yaji a garin Framlingham ba. An raba su, an tsare ta. Calle ya rubuto mata yana kiranta matarsa ta gaskiya a gaban Allah, ya roƙe ta ta faɗa wa mahaifiyarta gaskiya, ya ce ta ƙona takardar. Ba a ƙona ba, shi ya sa muke karanta ta.

Iyalin suka kai maganar gaban bishof na Norij, Walter Lyhert, da fatan zai sami wata ɓaraka a furucin. Ya ja wa Margery kunne, ya tuna mata asalinta da dangin da za ta rasa, sannan ya ce ta maimaita kalmomin da ta faɗa. Ta maimaita, ta ƙara da cewa idan waɗannan ba su ƙulla auren ba, za ta ƙulla shi sosai kafin ta bar wurin. Aka tambayi Calle shi kaɗai, maganarsa ta zo daidai da tata. Bishof bai da yadda zai yi, aure ya tabbata. Mahaifiyarta Margaret kuwa ta aika a gaya wa bayin gida kada a buɗe mata ƙofa, har sai da bishof ya nema mata masauki a cikin gari. Ta rubuta wa ɗanta cewa kada ya damu, abin banza suka rasa. Duk wannan yana faruwa ne a makonnin da sojojin basaraken Nofok suka yi wa gidansu na Kesta ƙawanya, lokacin da iyalin suka fi bukatar surukin da ke da ƙarfi.

Ga yadda ikon iyali yake aiki ke nan. Ba su iya furta yarda a madadin 'yarsu, ba su iya kwance abin da ta ɗaure, sai suka riƙe duk abin da ke kewaye da furucin: wanda za ta gani, dukiyar da za ta tafi da ita, gado, ƙofar gida, da sanda. Mai rubutu ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsaya a tambayar "an tilasta mata ko ba a tilasta ba".

Coci ta yarda cewa auren dole ɓatacce ne, amma ma'aunin da ta sa yana da tsauri: sai tsoron ya kai wanda zai girgiza mutum mai dakiya, kamar barazanar kisa, ko ɗauri, ko duka mai tsanani. Faɗan uwa da fushin uba ba su kai ba. Kuma idan matar ta zauna da mijin ta saki jiki na wani lokaci, kotu kan ɗauka ta yarda daga baya.

Fassara dukiyar aure da "sadaki"

Kalmar da littattafan Turanci ke amfani da ita ga babbar dukiyar aure, wato "dowry", an saba mayar da ita "sadaki", kuma wannan yana juya labarin baya gaba. A can, gidan amarya ne ke bayarwa, kuɗi ko fili, kuma yana shiga hannun miji. Ya fi kusa da gara da kayan ɗaki, sai dai shi ciniki ne da ake rubutawa a yarjejeniya kafin aure. Abin da miji ke bayarwa shi ne tanadin takaba: a ƙofar coci ake ambata shi, kuma a dokar Ingila matar da mijinta ya mutu tana cin moriyar kashi ɗaya cikin uku na filayensa har ƙarshen ranta. Ka rubuta "dukiyar da gidan amarya ke bayarwa" ko da ya fi tsawo. In ba haka ba mai karatu ba zai gane dalilin da ya sa barazanar uba ta hana kuɗi take da kaifi ba, ba kuma zai gane dalilin da ya sa birnin Fulorans na Italiya ya buɗe asusu a 1425 inda iyaye ke ajiya tun 'yarsu na ƙarama domin wannan dukiya ba.

"Duk a shekara goma sha biyu ake aurar da su"

Doka ta sa mafi ƙarancin shekaru: 7 ga baiko, 12 ga mace, 14 ga namiji. Mafi ƙaranci ba shi ne abin da aka saba ba. Auren yara ya fi yawa a gidajen sarauta da manyan masu filaye, inda gado ke gudu idan aka yi jinkiri. A 1478 an ɗaura wa Richard, ɗan Sarki Edward na Huɗu, aure yana ɗan shekara 4 da Anne Mowbray mai shekara 5, magajiyar dukiyar Nofok. Margaret Beaufort ta auri Edmund Tudor a 1455 tana da 12, ta haifi wanda ya zama Sarki Henry na Bakwai a Janairun 1457 tana da 13, kuma ba ta sake haihuwa ba. Ita da kanta ta ƙi amincewa a gaggauta kai jikanyarta gidan sarkin Sikotlan tana ƙarama, don tsoron kada a yi mata abin da aka yi mata. Wato ko a lokacin, mutane sun san akwai cutarwa.

Talakawa kuwa hanyarsu daban. Bayan annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, hannun aiki ya yi tsada, samari da 'yan mata suka riƙa barin gida suna aikatau a gidajen wasu da kwantiragin shekara-shekara, suna tara abin kafa gida. Takardun harajin kai na 1377 zuwa 1381 da bayanan shaidu a kotun coci ta birnin Yok suna nuna masu aikatau da yawa marasa aure, kuma da dama sai sun haura ashirin suke aure. Wadda ke nesa da gida tana cin guminta ta fi 'yar basarake sakewa wajen zaɓe, ko da yake uban gidanta kan tsaya mata a matsayin uba. Kada kuma a shafa wa Turai duka fenti ɗaya: ƙidayar Fulorans ta 1427 ta nuna mata na aure wajen shekara 18, maza wajen 30.

Manta da ubangida da sarki

Ana cewa "iyali" kamar su kaɗai ne ke da hannu. Magajin da ubansa ya mutu yana ƙarami, in filinsa irin wanda ake riƙewa a bakin yi wa ubangida aikin soja ne, aurensa na hannun ubangidan filin, kuma ana sayar da wannan iko kamar haja. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta ce kada a aurar da magaji ga wanda bai kai shi daraja ba, kada kuma a tilasta wa matar da mijinta ya mutu ta sake aure, muddin ta ba da tabbacin ba za ta yi ba sai da izini. Dokar Merton ta 1236 ta fayyace farashin: magajin da ya ƙi auren da aka kawo masa ba a tilasta shi, amma zai biya kuɗin da auren zai kawo, wanda kuma ya yi gaban kansa ya biya ninki biyu. Manoman da ba su da cikakken 'yanci suna biyan ubangida kuɗin izinin aure, akwai ma matan da suka biya da kansu, kuma tun zamanin Fafaroma Adrian na Huɗu coci ta ce aurensu ya inganta ko ubangida bai so ba. Maganar da ake yawo da ita cewa ubangida na da haƙƙin kwana da amarya daren farko, babu wata shaidar doka ko ta kotu da ta tabbatar da ita. A bar ta.

A kula kuma da kalmar Latin "raptus" da ake fassarawa da "fyaɗe" a takardun kotun sarki. Tana ɗaukar fyaɗe, tana ɗaukar sace mace, tana kuma ɗaukar gudu da masoyi da yardarta. Dokar 1382, wadda ta biyo bayan koken Sir Thomas West a kan ɗauke 'yarsa Eleanor, ta ce matar da ta amince da wanda ya ɗauke ta daga baya ta rasa gadonta, danginta kuma na iya kai ƙara ko ita ba ta so. Ba a taɓa auren ba, an cire masa riba ne. Kafin ka fassara, duba wa ya kai ƙarar da abin da yake nema.

Zaton kotunan coci wurin kashe aure ne

Babu saki irin wanda muka sani. Akwai rabuwar zama saboda zina ko azabtarwa, ba tare da damar sake aure ba, akwai kuma bayyana cewa auren tun asali bai ɗauru ba. Daga nan wasu ke ɗauka kowa na tono dangantakar jini don ya kuɓuta. Gaskiya ne auren zumunci, wanda a wurinmu abin so ne, haramun ne a can: taron 1215 ya rage haramcin daga hawa bakwai zuwa huɗu, wato duk waɗanda suka haɗa kakan kaka, sai da izini na musamman. Amma masanan da suka bi takardun kotunan, irin su Richard Helmholz da Michael Sheehan wanda ya duba rajistar kotun coci ta garin Ili ta 1374 zuwa 1382, sun tarar mafi yawan ƙararrakin na neman a tabbatar da aure ne. Mutane na zuwa suna cewa wannan mijina ne, a sa shi ya dawo.

Abin da ya fi rusa aure shi ne wani auren da ya riga shi. Joan ta Kent ta yi furuci a ɓoye da Thomas Holland wajen 1340 tana da kimanin shekara 12. Ya tafi yaƙi, danginta suka aurar da ita ga William Montagu, magajin Salisburi. Holland ya sami kuɗi bayan ya kama wani babban basaraken Faransa a yaƙin garin Kan a 1346, ya kai ƙara gaban Fafaroma, kuma a 1349 aka mayar masa da ita bayan shekara takwas tana matsayin matar wani. Ita ce daga baya ta haifi Sarki Richard na Biyu. Irin wannan hujja ce Richard na Uku ya kafa a 1483, cewa ɗan'uwansa Edward na Huɗu ya riga ya ɗaure kansa da Eleanor Butler kafin auren ɓoyen da ya yi da Elizabeth Woodville a 1464, don haka 'ya'yansu ba magada ba ne.

Haɗa zamani da zamani, da tsayawa a takarda ɗaya

Sharaɗin limami da shaidu biyu ko uku ya zo ne a babban taron coci na Trent a 1563, kuma ko a nan an ƙi bukatar Faransa ta a mai da yardar iyaye sharaɗi. Sarkin Faransa ya riga ya bi ta hanyar gado a 1556, ya ba iyaye damar hana gado ga ɗa ƙasa da 30 ko 'ya ƙasa da 25 da suka yi aure ba izini. Ingila, wadda ta riga ta rabu da Roma, ta ci gaba da tsohuwar doka har 1753. Rubuta shekarar labarinka a saman takarda kafin ka fara, ka auna kowace doka da ita.

Sannan a tuna cewa kotu tana ganin auren da ya sami matsala ne kawai, wasiƙa kuma tana kama mutum a ranar fushinsa. Wanda ya tsaya a wasiƙar Margaret Paston ta 1469 zai ce an yanke Margery har abada. Ya ci gaba da karatu: Calle ya ci gaba da yi wa iyalin aiki shekaru bayan haka, ko da yake ba su taɓa karɓarsa a matsayin suruki ba, kuma a wasiyyar da Margaret ta rubuta a 1482 ta bar wa John Calle, ɗan Margery, fam 20, a ba shi idan ya kai shekara 24.